Wahalar karatun likita: wacce ce dole, wacce ce muka ɗora wa yaran nan?

Tun da gwamnatin tarayya ta sanar a 2023 cewa za a ninka yawan ɗaliban da ake ɗauka karatun likita daga 5,000 zuwa 10,000 a shekara, kusan kowa murna yake. Iyaye na murna tunda ko banza ƙofa ta ƙara buɗewa ga yaran da suke cin maki mai yawa a JAMB amma a ƙarshe a tura su wani kwas ɗin da ba shi suka nema ba, gwamnati kuma tana ganin ta samo maganin guduwar likitoci. Ni ma ban ƙi ba, wallahi duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin gwamnati a Kano ko Gusau ko Damaturu ya zauna kan benci tun asuba har azahar yana jiran likita ɗaya tal ya san muna buƙatarsu. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa likitocin da ke da lasisi a ƙasar nan kusan 55,000 ne, kuma tsakanin 15,000 da 16,000 sun fice cikin shekara 5, sauran da suka rage ɗin ma kaso mai tsoka yana Legas da Abuja. Amma akwai mutanen da ba a cika jin ta bakinsu ba a duk wannan lissafin, su ne ɗaliban da ke cikin makarantun yanzu haka. Shin sun gamsu da yadda ake koyar da su? Da inda suke kwana, da leburorin da suke shiga, da yadda ake musu magana a gaban mara lafiya?

Wani zai ce ai wannan tambayar 'yan gata ce, karatun likita dama ba wasa ba ne, wa ya ce maka ana shigarsa don a ji daɗi. Toh amma fa duniya ta daɗe da ɗaukar tambayar da muhimmanci har aka yi mata ma'auni. Wanda aka fi amfani da shi sunansa DREEM, an fitar da shi a 1997 daga jami'ar Dundee ta Sikotilan, kuma an yi amfani da shi a makarantun likitanci na ƙasashe da dama har da Najeriya. Fom ne mai tambayoyi 50, kowace tambaya ɗalibi zai ba ta maki daga 0 zuwa 4, kaga jimla 200 kenan. An kasa shi gida biyar: yadda ɗalibi ke kallon koyarwar, yadda yake kallon malamansa, yadda yake kallon ƙoƙarin kansa, yanayin wurin gaba ɗaya, sai kuma rayuwarsa ta yau da kullum kamar abokai da masauki da gajiya. Tambayoyin ciki ba na kwana-kwana ba ne, akwai wadda ke tambayar ko malamai suna yi wa ɗalibai izgili, akwai ta ko ɗalibi yana iya yin tambayar da yake so a aji, akwai ta ko an fi ba hadda ƙarfi a kan fahimta, akwai ta ko makaranta tana da wani tanadi ga ɗalibin da damuwa ta yi masa yawa. In makaranta ta samu 50 zuwa ƙasa abin ya lalace, 51 zuwa 100 matsaloli sun yi yawa, 101 zuwa 150 alherin ya fi sharrin yawa, sama da haka kuma sai hamdala.

Matsalar ita ce galibin makarantun da ake aunawa, masu kuɗi da marasa kuɗi, a mataki na uku na makin suke faɗawa, wato 101 zuwa 150. Sai shugaban kwaleji ya ga sakamako ya ce Alhamdulillahi ɗalibanmu sun gamsu, a sa takardar a fayil a rufe. Alhali jimlar ba ita ce labarin ba, labarin yana cikin tambayoyi ɗai-ɗai ɗin da suka sha ƙasa, kuma a wurare da yawa na duniya tambayar tanadi ga mai damuwa tana cikin waɗanda ke zuwa can ƙasa. Sannan a wurinmu akwai ƙarin abu, yaron da aka tarbiyyantar a kan cewa ba a kushe malami, ba a ɗaga ido a kalli babba, kuma ƙorafi rashin godiyar Allah ne, ka miƙa masa fom a cikin aji, wanda ya raba fom ɗin kuma shi ne zai zauna a gabansa ranar jarabawar baka, me kake tsammani zai cike? Ko an ce masa kar ya rubuta suna zuciyarsa ba za ta kwanta ba. Ga kuma wanda bai taɓa ganin wata makarantar ba, a ganinsa haka karatun likita yake a ko'ina, mutum 20 a kan maikroskof ɗaya shi ne daidai. Shiyasa ni in an ce min ɗalibai sun gamsu, tambayata ta farko ita ce wa ya tambaye su, a ina, kuma ana saura kwana nawa jarabawa.

A ganina wahalar karatun nan iri biyu ce, kuma cakuɗa su da ake yi ne ya sa maganar ba ta ci gaba. Akwai wadda take cikin karatun kansa, ba yadda za a yi da ita. Shekara 6 ne in komai ya tafi daidai, ta farko kimiyyar share fage, sai a shiga ilimin sassan jiki da yadda jiki ke aiki da sinadaran cikinsa, a tsaya kan gawa a feɗe a haddace jijiya da tsoka da ƙashi ɗaya bayan ɗaya, sai jarabawar nan da ɗalibai ke kira sakan MB wadda ita ce babban siraɗi, makin ci 50 ne ba 40 ba, ka faɗi ka yi risit, wato ka sake zama jarabawar, ka sake faɗi ka maimaita shekara, in abin ya ƙi a sallame ka zuwa wani sashen. Bayan nan ilimin cututtuka da na magunguna, sai yara, sai mata da haihuwa, sai tiyata da sauran manyan fannoni, ka gama kuma ga shekara ɗaya ta hausmanshif, wato aikin koyo a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci, kafin hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci ta ba ka cikakken lasisi, ga bautar ƙasa. Wannan ba wanda ya isa ya sauƙaƙa ta, kuma bai kamata ba, ran mutane za a damƙa musu. Ɗaliban ma da kansu ba ita suke kuka da ita ba, ka zauna da su ka ji, da wuya ka ji wanda ya ce a rage masa karatu.

Ɗaya wahalar ita ce wadda ba ta ƙara wa kowa ilimi ko na sisin kwabo, mu ne muka ɗora musu ita, sai kuma muka dawo muna kiranta horo.

Mu fara da wod, wato ɗakin kwantar da marasa lafiya, tunda a nan ake zama likita ba a ɗakin lakca ba. Lakca in ɗalibai sun ninka sai ka nemi babban ɗaki ka sa lasifika, magana ta ƙare. Amma koyon yadda ake sauraren ƙirji, yadda ake taɓa ciki a gane hanta ta kumbura ko saifa, yadda ake ɗaukar tarihin ciwo daga bakin tsohuwar da za ta fara maka labari tun daga auren fari, wannan sai a bakin gado, malami ɗaya da 'yan ɗalibai kaɗan, ya kama hannunka ya ɗora ya ce nan za ka danna. To in zagayen safe ya zama kwansoltan (babban ƙwararren likita) a gaba, manyan rajistara, ƙananan rajistara (likitoci masu neman ƙwarewa), haus ofisa (sabon likita mai hausmanshif), nas, sannan ɗalibai cunkus a baya suna ɗaga ƙafa, na ƙarshe ko muryar ba ya ji balle ya ga abin da ake nunawa. Shi kuma mara lafiya mutum ne, mutum na farko ya danna masa ciki ya yi haƙuri, na biyu ya yi haƙuri, kafin a zo kan na goma ya juya baya ya ce ya gaji, kuma gaskiyarsa. Sai ɗalibi ya ƙare fostin ɗin, wato zaman koyo da ake tura shi wani sashe, da sa hannu cike a logbuk ɗinsa na ayyukan da ya yi amma hannunsa bai saba da komai ba, kuma shi ya san haka a ransa, wannan ita ce rashin gamsuwar da ta fi kowace ciwo domin ba a iya faɗarta a fili.

Abin takaicin shi ne ta wannan fuskar arewa tana da arzikin da wasu ƙasashen ke nema ido rufe. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, na ABU da ke Shika, na Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, duk cike suke da marasa lafiya iri-iri, ɗalibi zai ga sikila da tamowa da jijjigar masu ciki da yoyon fitsari da sanƙarau da cizon maciji da idonsa, abubuwan da wasunsu ɗalibin Ingila sai dai a hoto. Ga shi yaranmu suna jin yaren marasa lafiyan, ba sa buƙatar tafinta, har su suke yi wa abokan karatunsu 'yan kudu tafinta kafin su ma bakinsu ya faɗa. ABU tun 1967 take da tsangayar likitanci, ba jiya aka fara ba. Marasa lafiya akwai, ɗalibai masu ƙwaƙwalwa akwai, abin da ke ƙaranci shi ne wanda zai tsaya tsakaninsu ya koyar.

Nan ne maganar ninka kota, wato adadin ɗaliban da ake ɗauka, take ba ni tsoro. Waɗanda ke guduwa Saudiyya da Ingila da Kanada ba sabbin likitoci kaɗai ba ne, har da kwansoltan da manyan rajistara, wato malaman kansu. Kuma duk wanda ya yi karatun nan zai faɗa maka rabin abin da ya iya a hannun rajistara ya koya, da daddare a ɗakin gaggawa ko a ɗakin haihuwa, ba a hannun farfesa ba. Rajistaran da aka bar wa aikin mutum uku, ya kwana kol, wato aikin jiran kira da dare, ya wayi gari a kilinik, ina ya ga sukunin tsayawa ya yi wa ɗalibi bayani? Ƙungiyar kwansoltan ta MDCAN ta daɗe tana kuka kan cewa likitan da ya zaɓi koyarwa a jami'a albashinsa na komawa ƙasa da na takwaransa da ke asibiti kawai, ga kuma rigimar sai ya yi digiri na uku duk da takardar ƙwarewar da ya sha wahala ya samu, to wa zai yi sha'awar zama lakcara a haka? A 2025 gwamnati ta ce TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, zai kashe naira biliyan 110 wajen gyara makarantun likitanci, abu ne mai kyau kuma muna fatan kuɗin su isa inda aka nufa, ɗakin gwaji mai mutum-mutumin roba da ake koyon allura da ɗinki a jikinsa zai rage cunkoso sosai. Amma gini shekara ɗaya ko biyu an gama shi, kwansoltan kuwa daga ranar da ya shiga jami'a zuwa ranar da zai iya koyar da wasu ana maganar shekara goma sha ne.

Sai maganar da ba a son yi, wato cin fuska. Ba duka malamai ba, akwai bayin Allah da ɗalibai ke yi wa addu'a har bayan sun bar duniya, waɗanda za su tsaya bayan an tashi su sake maka bayani ba tare da sun nuna gajiya ba. Amma kowace makaranta tana da waɗanda in an ce fostin ɗinsu ne gaba ɗalibi ke rasa barci. A tambaye ka abu a gaban mara lafiya da 'yan uwansa, ka yi kuskure, a ce maka daƙiƙi, wa ya ba ka gurbin karatu, gara ka koma kasuwa, ko a kore ka daga zagayen kowa na kallo. Hujjar kullum ɗaya ce, mu ma haka aka yi mana kuma ga shi mun zama likitoci. Ni ban yarda da wannan hujjar ba ko kaɗan. Tambaya a bakin gado dole ce, tsanani a kan ƙa'ida dole ne, ɗalibin da ya zo a makare ko bai duba mara lafiyarsa ba a hukunta shi. Amma wanda aka tozarta darasin da yake ɗauka shi ne ya ɓuya a bayan layi, kar ya yi tambaya, kar ya taɓa cewa ban sani ba. Ku yi tunanin wannan yaron bayan shekara uku, shi kaɗai a babban asibitin wata ƙaramar hukuma ƙarfe biyun dare, ga mace tana zubar da jini, yana shakka amma an riga an koya masa cewa kiran na gaba da shi abin kunya ne. Ba shi zai biya kuɗin wannan tarbiyyar ba, matar ce za ta biya. Kuma irin muryar da aka yi masa magana da ita, da ita zai yi wa nas da mai jinya magana gobe, sai mu dawo muna cewa likitocinmu ba su da fara'a.

Damuwa kuwa ba ƙirƙira ba ce. Wani babban nazari da mujallar JAMA ta buga a 2016, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe sama da 40, ya nuna kusan kashi 27 cikin 100 na ɗaliban likitanci suna da ciwon damuwa ko alamunsa, kusan kashi 11 sun taɓa tunanin kashe kansu, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka nemi magani. A wurinmu ka ƙara da nauyin gida, yaro tun yana aji biyu an fara kiransa dokta a unguwa, uwa ta riga ta faɗa wa dangi, to ranar da ya faɗi sakan MB da wane baki zai koma gida? Akwai waɗanda suke ɓoyewa shekara guda cur iyaye ba su sani ba. In ya ce zai ga likitan ƙwaƙwalwa kuma, likitan malaminsa ne, fayil ɗinsa zai bi ta hannun mutanen da yake gaisawa da su kullum.

Yajin aiki ba sai na ja ba, kowa ya gani. ASUU ta rufe jami'o'i daga Maris zuwa Disamba a 2020, ta sake daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba a 2022. Ɗalibin likita kuma ta ko'ina dukansa ake, in ba malaman jami'a ba to likitoci masu neman ƙwarewa na NARD, in ba su ba to sauran ma'aikatan lafiya, ko wanne ya tafi wod ya zama kango, fostin ya tsaya. Shekara 6 ta koma 8, azuzuwa su taru a kan juna, cunkoson da nake magana ya ƙara ninkuwa.

Wuta ma haka. Tun da aka ƙara kuɗin lantarki na rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, a Afrilun 2024 daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, jami'o'i da asibitocin koyarwa suka shiga uku da bil. Asibitin UCH na Ibadan, wanda shi ne uban asibitocin koyarwa a ƙasar nan, an yanke masa wuta a Oktoban 2024 kan bashi, ya yi wata da watanni a duhu har ɗaliban likitanci suka fito zanga-zanga a farkon 2025. In haka ta faru da Ibadan ba wanda ya tsira. Ɗalibin da zai yi karatu da fitilar waya cikin zafin Afrilu a Sakkwato, hostal ba ruwa, ɗakin mutum huɗu an cusa takwas, wanda bai samu gado ba yana kama haya a gari yana biyan adaidaita sau biyu ko sau huɗu a rana bayan an cire tallafin mai, kuma ana so ya tsaya kol ɗin dare alhali ba a tanadar masa ɗakin da zai kishingiɗa ba. Kwas ne da ba ya barin mutum ya yi wata sana'a a gefe, ba dogon hutu, don haka ɗan talaka ne ya fi jin jiki, bashin karatu na NELFUND ya taimaka wa wasu da kuɗin makaranta amma kayan aiki da littattafai da data da abinci suna nan.

'Yan mata kuma nasu ya fi. Mu ne muke cewa muna son likita mace ta duba matanmu, jihohi har tura ɗalibai mata suke ƙasashen waje saboda wannan, amma wadda ta yi aure a tsakiyar karatu ta haihu, sau da yawa ba wani tsari a rubuce da ya ce ga hutun da za ta samu ga yadda za ta rama fostin, sai dai ta dogara da tausayin shugaban sashe, in ta dace da mai kirki shikenan in ba ta dace ba ta maimaita shekara. Ga dawowa daga kol da tsakar dare ba mota ba fitila a hanya.

Akwai kuma tashin hankalin da ya fi duk waɗannan, shi ne ka yi shekaru kana karatu ba ka da tabbacin takardarka za ta yi aiki. Kwas ɗin likita hukuma biyu ke tantance shi, NUC mai kula da jami'o'i da MDCN, kuma MDCN ce ke yanka wa kowace makaranta adadin da za ta iya yayewa gwargwadon malamanta da gadajenta. Ɗaliban farko na jami'ar Abuja sun yi shekaru a tsaye wuri ɗaya saboda rashin tantancewa, a 2025 ma ɗaliban likitan haƙori na jami'ar Kalaba sun shiga irin wannan halin saboda an ɗebi fiye da kota. Yanzu da sabbin makarantu ke ta buɗewa a arewa, na tarayya irin ta Azare da na jihohi da masu zaman kansu, ga kuma yaranmu da yaƙin Sudan ya koro a 2023 da yawansu suna neman inda za su ƙarasa, dan Allah iyaye kafin ku biya kuɗi ku bincika matakin tantancewar makarantar da kotar da aka ba ta, ba aibu ba ne ka tambaya.

A 2023 wani ɗan majalisar wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki shekara 5, aka yi ta cece-kuce. Na fahimci zafin da ya sa shi, talaka ne ke tallafa wa karatun nan da harajinsa. Amma shawarar tafiya ba ranar rantsuwa ake yanke ta ba, tun a aji huɗu ake yanke ta, lokacin da ɗalibi ya shiga wod ya kalli rajistaran da ke gabansa ya ga rayuwar da ke jiransa, shiyasa za ka ga 'yan aji biyar sun fara tambayar yadda ake rubuta PLAB da USMLE, jarabawar samun izinin aikin likita a Ingila da Amurka, tun ba su gama ba. Mutumin da ya shekara 7 yana jin ba a ɗauke shi a bakin komai ba, ko ka riƙe lasisinsa zuciyarsa ta riga ta yi gaba.

Wasu gyare-gyaren sai da kuɗi masu nauyi, sola da hostal da albashin malamai, waɗannan na gwamnati ne. Amma da yawa suna hannun kwaleji yau ɗin nan. A raba ɗalibai zuwa manyan asibitocin jiha irin su Murtala da Nassarawa a Kano, inda marasa lafiya suka yi yawa kuma akwai ƙwararrun da za a ba su alawus su koyar, maimakon a tara kowa a wod ɗaya. A ba rajistara horo kan koyarwa kuma a lissafa masa ita cikin aikinsa. Wanda ya faɗi jarabawa a zaunar da shi a nuna masa inda ya kasa, ba ya ga lambarsa a allo kawai ba. A samar da mai ba da shawara wanda ba ya cikin masu jarabawa. A rubuta dokar hutun haihuwa kowa ya san ta. Fom ɗin jin ra'ayi kuma a mayar da shi ta waya ba suna, bayan kowane fostin, ƙungiyar ɗalibai ta ga sakamakon, MDCN ma in ta zo tantancewa ta nemi na shekarun baya ta zauna da ɗalibai su kaɗai ba malami a ɗakin, sannan a farkon kowane zango shugaban kwaleji ya tsaya gabansu ya ce ga abubuwan da kuka yi kuka da su bara, wannan mun gyara, wannan ba mu da kuɗinsa tukuna, wannan kuma ga dalilin da ya sa ba za mu canza shi ba.